Lambar da ke Jikin Taya da Iskar da ke Cikinta: Nazarin Lamarin Wata A-kori-kura

Mafari: motar, aikinta da takardar jikin ƙofa

Mutumin da wannan lamari ya shafa mai gyaran famfunan ruwa ne masu aiki da hasken rana. Aikinsa bin rijiyoyin burtsatse ɗaya bayan ɗaya, kuma yawancinsu suna can inda kwalta ba ta kai ba. Fitarsa ta kowane mako takan fara da kwalta ta wajen kilomita 150, sai burji mai gargada, sai hanyar duwatsu, daga nan a gangara wani kwari mai yashi wanda ƙaramar mota ba ta ko tunkararsa. Tare muka yi aiki duk tsawon lokacin da abin ya faru, kuma alkaluman da za su biyo baya na kwaso su ne daga ɗan littafin da yake ajiyewa a mota, inda yake rubuta kilomita, mai da iskar taya.

Motar a-kori-kura ce mai kujeru biyar, mai ja da ƙafa huɗu, ya saye ta hannu na biyu. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai 'yar takarda da kamfanin da ya ƙera ta ya liƙa. Takardar ta ce motar da duk abin da ke cikinta kada su wuce kilo 3,050. Aksul na gaba, wato ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin gaba biyu, kada a ɗora masa fiye da 1,450, na baya kuma kada ya wuce 1,850. Tayar da aka rubuta ita ce P265/75R16 114S, iska psi 30 a gaba, 35 a baya idan akwai kaya (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya). Ya gaya mini ranar da ya karɓi motar layin iskan kaɗai ya karanta.

Rubutun jikin tayar yana da ma'ana harafi bayan harafi. P na nufin taya ce ta motar fasinja. 265 faɗinta ne a milimita, 75 tsayin gefenta ne idan aka kwatanta da faɗin, kashi 75 cikin 100, sannan 16 girman rim ne a inci. S na nuna iyakar gudu, kilomita 180 a awa. Lambar da ta fi shafar wannan labari ita ce 114, lambar nauyi. Ba kilo ba ce kai tsaye, sai an duba jadawali: 100 na nufin kilo 800, 112 na nufin 1,120, ita kuma 114 kilo 1,180 ga kowace taya.

A makonnin farko ya ƙara wa motar abubuwa da dama. Bamba ta ƙarfe mai winci a gaba, rumfar ƙarfe a kan bodi, akwatunan kayan aiki, tankin ruwa mai lita 100, jarkoki biyu na man dizal, da safaya ta biyu da aka rataye a wani ƙarfe bayan murfin bodi. Babu ko ɗaya da aka ɗora a sikeli kafin a ɗaura.

Wata na 1 zuwa na 3: tayoyin asali

Al'adarsa idan ya iso bakin kwarin yashi ita ce ya sace iskar tayoyi huɗun zuwa psi 22, don tafin taya ya baje, motar ta daina nutsewa. Wannan yana yi masa aiki. Sai dai ba shi da injin hura iska a mota, don haka da wannan iskar yake dawowa: kilomita 40 na duwatsu da burji, sannan wajen 30 na kwalta kafin ya sami mai faci.

A mako na 5 dutse ya tsaga gefen tayar gaba ta dama. Tsagar gefe ba ta facuwa, aka jefar. A mako na 9 tayar baya ta hagu ta yi ƙullutu kamar rabin ƙwai a gefenta, alamar zaren ciki ya tsinke. Ya sa safaya. A mako na 12, yana kan kwalta a gudun kilomita 95, wannan safayar da ke baya ta hagu ta yi bindiga. Ina cikin motar ranar. Sai muka ji bayan motar ya yi wani irin lilo, ƙara ta tashi, ya riƙe sitiyari da hannu biyu bai taɓa birki ba har gudu ya ragu da kansa. Da muka sauka, warin roba mai ƙuna ya cika wurin, gefen tayar ya yi kaca-kaca kamar tsumma, rim ɗin kuwa ba ya taɓuwa don zafi. Da muka gwada ta dama, psi 29 ta nuna tana da zafi, ita da aka baro yashi da ita a kan 22.

Wata na 4: ƙarin iska

Ya sayi sababbi biyu irin na asali. A jikinsu ya ga an rubuta cewa iyakar iska psi 44 ce, sai ya ɗauka in ya cika su zuwa nan za su ƙara ƙarfin ɗaukar kaya. Ya daina sace iska a yashi, ya riƙa tafiya da 44 ko'ina.

Cikin wata ɗaya motar ta kafe a yashi sau uku, kuma tsakuwa mai kaifi ta huda tafin tayar baya sau biyu. Bindiga dai ba ta sake faruwa ba. Daga baya ne muka gane cewa taya irin wannan tana kai ƙarshen ƙarfinta ne a psi 35, duk abin da aka ƙara a sama ba ya ƙara mata ko kilo ɗaya. Lambar 44 iyaka ce kawai da aka ce kada a tsallake.

Wata na 5 zuwa na 7: filai goma

A nan ne ya yanke shawarar barin tayar fasinja gaba ɗaya. Ya sayi guda shida masu lamba LT265/75R16 123/120Q, aji na E, waɗanda masu sayarwa ke kira filai goma, wato masu shimfiɗa goma. LT na nufin an yi ta ne domin ƙananan motocin kaya. 123 na nufin kilo 1,550, ita kuma 120 da ke biye da ita, wato kilo 1,400, ta shafi motocin da ake jera wa taya biyu-biyu a baya ne, ba ta shafe shi ba. Q kilomita 160 ce a awa. Mai sayarwar ya buga tafin hannunsa a kan tayar ya ce masa, "Maigida, wannan ko me ka ɗora mata za ta ɗauka, ka huta." Yaron da ya ɗaura su ya leƙa takardar jikin ƙofa, ya ba gaba 32, baya 35.

Wata biyu ya yi cikin kwanciyar hankali. Duwatsun da suka cinye tayoyin farko ba su yi wa waɗannan komai ba in ban da ɗan karce. Ko da kaya cike a bodi, in ka tsaya ka dube su sai ka ga sun tsaya cak, babu alamar lotsawa. Ya sayi injin hura iska, kuma duk lokacin da ya fito daga yashi yakan mayar da su 32 da 35.

Amma akwai wasu layuka a littafinsa na wannan lokaci da ba mu ba su muhimmanci ba. Wata rana bayan awa ɗaya a kwalta ya gwada iska: gaba ta tashi daga 32 zuwa 36, baya ta dama daga 35 zuwa 41, baya ta hagu daga 35 zuwa 44. Ya kuma rubuta cewa zanen tayoyin baya yana cinyewa ta gefe-gefe, tsakiya na nan kamar sabo. Man da motar ke sha ya ƙaru da kusan lita ɗaya a kowace kilomita 100.

A mako na biyu na wata na 7 sitiyari ya fara rawa, kujera na karkarwa daga gudun kilomita 70 zuwa sama. Ya tsaya ya shafa tayar baya ta hagu, sai ya ji wani wuri a tafinta ya taso, faɗinsa kamar tafin hannu biyu. Da aka cire ta aka duba, shimfiɗun wayar ƙarfe da ke ƙarƙashin zanen sun rabu da juna. Kilomita 6,400 kacal ta yi.

Irin wannan rabuwa zafi ne ke haddasa ta. Duk juyin da taya ta yi, ɓangaren da ya taɓa ƙasa yana lotsawa ya miƙe, kuma taya mai wannan girma tana juyawa sau 400 da wani abu a kilomita ɗaya. In iska ta yi kaɗan ga nauyin da ke kanta, lotsawar na yawa, robar na ɗaukar zafi, har mannin da ke riƙe da shimfiɗun ya saki. Duniya ta ga haka a babban mataki a Amurka cikin watan Agusta na shekarar 2000, lokacin da kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5, yawancinsu a jikin motocin Ford Explorer, bayan hadurran da rabuwar zanen taya ta jawo. Cikin abubuwan da aka yi ta gardama a kansu har da iskar psi 26 da aka rubuta wa motar. A shekarar ne majalisar ƙasar ta yi dokar da daga bisani ta wajabta na'urar gargaɗin ƙarancin iska a sababbin motoci.

Wata na 7 zuwa na 8: psi 80

Wani direba ya nuna masa rubutun da ke jikin tayar, inda aka ce kilo 1,550 a psi 80. Ya ce masa ai ga laifin nan, taya mai shan 80 kake ba 35. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, sai ya cika duka huɗun zuwa 80.

An gudu ba a tsira ba. A burji mai gargada motar ta koma tsalle, bayanta na zamewa gefe a kowace kwana, ƙusoshin rumfa suka riƙa kwancewa. Rannan da aka yi yayyafi ya taka birki a kwalta, motar ta wuce inda ya saba tsayawa da tsawon mota guda ko fiye. Cikin mako biyar shokozoba ɗaya ta baya ta fara yoyon mai, zanen tayoyin gaba ya soma cinyewa ta tsakiya, kuma bawul biyu suka riƙa sace iska a hankali. Bawul ɗin roba na yau da kullum iyakarsa psi 65 ce, mai ɗaukar 80 daban ake sayar da shi. Shi ma rim yana da nasa iyakar nauyi da iska, galibi an buga ta a bayansa, kuma babu wanda ya juya rim ɗin ya duba kafin a cika.

Tayoyin ba su yi zafi ba a wannan lokaci, wannan kam gaskiya ne. Amma motar ta zama abin tsoro a hanyar da aka saye ta dominta.

Wata na 9: ranar sikeli

Wani tsohon makanike mai gyaran manyan motoci ne ya fara yi masa tambayar da ba wanda ya taɓa yi. Ya saurari labarin tun daga farko bai katse shi ba, sannan ya ce, "Malam, duk ka gaya mini abin da tayar za ta iya ɗauka. Nawa ne a kanta?" Ba mu da amsa.

Muka loda motar daidai yadda take fita aiki: tanki cike da mai, ruwa cike, kayan aiki, mu biyu a ciki. Muka je sikelin da ake auna manyan motoci. Aka fara ɗora ƙafafun gaba kaɗai, sannan motar gaba ɗaya, sannan ƙafafun baya kaɗai. Da yake gefen sikelin daidai yake da ƙasa, muka roƙi mai aikin ya bari mu ɗora ɓangare ɗaya, hagu daban, dama daban. Ga abin da allon ya nuna. Gaba kilo 1,250. Baya 1,930. Jimla 3,180. Wato motar ta zarce iyakarta da kilo 130, aksul na baya ya zarce tasa da 80. A bayan kuma nauyin bai rabu daidai ba: dama 920, hagu 1,010. Tankin ruwa da akwatin da ya fi nauyi duk a hagu suke, direba ma a wannan ɓangaren yake zama.

Ya daɗe yana kallon lambar 1,010. Tayoyi uku ke nan suka mutu a wannan kusurwa.

Abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda bayan ya yi nauyi haka alhali a lissafinsa kayan ba su kai ba. Dalilin yana ga inda aka ajiye su. Duk kayan da ke bayan aksul na baya suna aiki ne kamar mai danna ƙarshen sanda: suna ɗora wa bayan fiye da nauyinsu, suna ɗage gaba. Tsakanin aksul biyu na motarsa mita 3.1 ne. In ka ajiye kilo 100 mita ɗaya a bayan aksul, bayan zai ji kilo 132, gaba kuma ya rasa 32. Safaya ta biyu, jarkokin mai da rabin tankin ruwa duk a can suke rataye.

Daga nan makaniken ya ɗauko jadawalin nauyi da iska. Irin wannan jadawali ƙungiyoyin da ke tsara ma'aunin taya ne ke fitar da shi, kamar Tire and Rim Association ta Amurka wadda aka kafa a 1903, da ETRTO ta Turai, da JATMA ta Japan, kuma kamfanonin taya suna wallafa shi ga kowane girma. Ga LT265/75R16 a ɗaure ita kaɗai, abin da ke ciki shi ne: a psi 35 tana ɗaukar kusan kilo 865, a 40 kusan 950, a 45 kusan 1,035, a 50 kilo 1,120, a 65 kilo 1,360, sai a 80 ne take kai 1,550.

Wannan layi na farko shi ya warware mana komai. Tsawon wata biyu tayar baya ta hagu tana ɗauke da kilo 1,010 a kan iskar da ta ishi 865 kawai, obalodi na kilo 145, kusan kashi 17 cikin 100. Ta dama ma ta zarce da 55. Kuma jadawalin ɗaya ne ga aji C da D da E masu wannan girma. A psi 35 dukansu 865 suke ɗauka. Bambancinsu shi ne inda kowacce ke tsayawa: C a psi 50 da lamba 112, D a 65 da lamba 119, E a 80 da lamba 123. Harafin yana gaya maka yawan iskar da jikin tayar zai iya jurewa ne, ita kuwa iskar ita ke ɗaukar kayan.

Sai kuma abin da ya fi wuyar shiga kai, har sai da na sake duba takardar sau biyu: a psi 35, tayar fasinja ta asali ta fi filai goman ƙarfin ɗauka. Lambarta 1,180 ce. Ƙa'idar Amurka ta ce in an ɗaura tayar P a a-kori-kura ko jif sai a raba lambar da 1.10, saboda irin waɗannan motoci sun fi tsayi kuma sun fi yawan tafiya da cikakken lodi. Ko bayan an raba, 1,073 ce ta rage, sama da 865 da kilo ɗari biyu da ɗoriya. Tayar LT tana da kauri, kauri kuma na tara zafi in tana lotsawa, shi ya sa take buƙatar iska fiye da ta fasinja kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya. Iskar da ke rubuce a jikin ƙofa ta tayar P ce. Ranar da aka canza nau'in taya, wannan layin ya daina aiki.

Shi ma sunan filai goma tsohon suna ne da ya samo asali tun lokacin da ake jera shimfiɗun zaren auduga a jikin taya. Da muka karanta ƙananan rubutun da ke gefen tasa, shimfiɗa uku aka ce gefen ke da shi. Wasu masu aji E ma biyu ne.

Wata na 9 zuwa na 10: gyara

Da kaya aka fara, ba da taya ba, domin babu tayar da ke ƙara wa aksul, birki ko sifirin ƙarfi. Ya sauke wani tsohon famfo da bututun da ya fi wata shida yana yawo da su bai taɓa amfani da su ba, kilo 70. Ya cire akwatin ƙarfe ɗaya, kilo 40. Ya bar jarka ɗaya, wajen kilo 20. Ruwa ya koma lita 60. Aka matso da tankin gaba har ya jingina da bayan kabin, a tsakiya, safaya ta biyu kuma ta shigo cikin bodi.

Muka koma sikeli. Gaba 1,280, baya 1,730, jimla 3,010. Baya ta hagu 880, ta dama 850.

Da waɗannan lambobi aka zaɓi iska. Ana duba tayar da ta fi nauyi a aksul, abin da aka samu kuma a ba duka biyun, ba a bambanta hagu da dama. Ga kilo 880, psi 35 ba ta isa ba, 40 ta isa amma da ɗan ragowa kaɗan. Makaniken ya ba da shawarar a nemi iskar da za ta dawo da ƙarfin da kamfanin motar ya tanada tun asali, wato 1,073, wadda ke faɗawa tsakanin 45 da 50. Aka tsaya a 48. Gaba kuwa kowace taya kilo 640 take ɗauka, aka ba ta 38. Duka a gwada da safe kafin mota ta motsa, domin iskar taya mai zafi ba abin dogaro ba ce, kuma ba a sace ta don an ga ta hau. Aka canza bawul huɗun zuwa masu jure iska mai yawa, aka sa sabuwar shokozoba, biyu a tare.

Tayar baya ta dama wadda ita ma ta yi wata biyu cikin obalodi, aka cire ta daga rim aka duba cikinta da fitila. Ba a ga tsaga ko baƙin garin roba ba, duk da haka aka mayar da ita safaya ta biyu. Lahanin da zafi ya yi wa taya ba ya warkewa don an ƙara mata iska daga baya.

Saura batun barin kwalta, inda dole a rage iska. A nan ƙa'idar da ya ɗauka ita ce duk lokacin da iska ta sauka, gudu ma ya sauka, tunda zafin yana zuwa ne daga yawan lotsawa da saurin maimaita ta. Ya rubuta a kwali ya liƙa kusa da sitiyari. Burji: gaba 32, baya 40, kada a wuce kilomita 70. Duwatsu: gaba 26, baya 32, kada a wuce 30. Yashi: gaba 18, baya 22, kada a wuce 25, kuma babu kwana mai kaifi, don in iska ta yi ƙasa sosai bakin taya kan iya zamewa daga rim. Da zarar ƙafa ta taka ƙasa mai tauri sai a tsaya a hura. Hura huɗun yana cin masa kusan minti 15.

A makon farko ya maimaita gwajin awa ɗaya a kwalta. Gaba ta tashi daga 38 zuwa 42, bayan duka biyu daga 48 zuwa 53. Hagu da dama sun zo ɗaya a karon farko.

Wata na 10 zuwa na 21: abin da ya biyo baya

Cikin wata goma sha biyu motar ta yi kilomita 26,000 a hanyoyin nan dai da ta saba bi. Faci ɗaya aka yi, ƙusa ce. Babu ƙullutu, babu tsagar gefe, babu rabuwar zane. Ana juya tayoyin kowace kilomita 8,000, kuma zanen yana cinyewa bai ɗaya daga gefe zuwa gefe. Ta kafe a yashi sau ɗaya, ranar da ya yi gaggawa bai sace iska ba. Shan mai ya sauka da wajen rabin lita a kilomita 100 idan aka kwatanta da wata na 6, amma bai koma yadda yake da tayoyin asali ba. In bodi babu kaya yakan rage baya zuwa 38, in ba haka ba motar na dukan ƙugu.

Hukunci

A ganina tayoyin asali ba lambar nauyinsu ce ta kashe su ba. Ko da obalodin, 1,010 bai kai 1,073 ba. Abin da ya kashe su shi ne kilomita 70 da ake yi da su a kan psi 22 da kaya cike, da kuma siririn gefensu da ba a yi shi don duwatsu ba. Komawa LT daidai ne, amma dalilin da ya dace shi ne ƙarfin jiki a gaban dutse. Shi kuwa ya saye ta ne yana zaton lamba 123 wata dukiya ce da ke cikin robar, wadda zai ci moriyarta ko da wace iska. Ban ga laifinsa sosai ba. Mai sayarwa bai gaya masa ba, mai ɗaurawa ya bi takardar ƙofa da kyakkyawar niyya, kuma taurin gefen tayar ya ɓoye matsalar. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan tayar LT wannan ba ta ci ba, domin tana iya rasa psi 13 daga abin da take buƙata ta tsaya kamar lafiyarta ƙalau.

Abin da ya fi damuna a duk labarin shi ne wata takwas da tayoyi huɗu suka salwanta, da bindiga ɗaya a gudun kilomita 95, kafin wani ya ce a hau sikeli, aikin da bai ɗauke mu minti 20 ba. Kuma alamar tana cikin littafinsa tun wata na 6, ranar da taya ɗaya ta hau da psi 9 'yar'uwarta ta hau da 6.

Ko E ce ta dace da motar? Ta fuskar nauyi, a'a. Motar da aksul ɗinta na baya ba zai wuce 1,850 ba, wato 925 a kowace taya, ba za ta taɓa buƙatar 1,550 ba. Aji C zai iya ɗaukar kayan, sai dai a psi 48 saura biyu kawai ya kai iyakarsa, kuma lambarsa 112 tana ƙasa da 114 da ke jikin ƙofa, abin da dokar wasu ƙasashe ba ta yarda da shi ba. Aji D ya fi zama daidai: lamba 119, sarari mai yawa a sama da 48, kuma yawanci ya fi E sauƙin nauyi da taushi. Kowace E ɗinsa ta fi ta asali nauyi da wajen kilo 6, kuma wannan nauyi ne da shokozoba, birki da tankin mai ke biyan kuɗinsa kullum. Abin da E ke ba shi a madadin haka shi ne gefe mai shimfiɗa uku a hanyar duwatsu, kuma shekara guda ba tare da tsaga ba ta nuna wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Bai canza su ba tunda suna da sauran rai, kuma ba a haɗa aji biyu a aksul ɗaya. Ya ce in sun ƙare zai nemi D mai gefe shimfiɗa uku, in bai samu ba ya maimaita E. A wata na 22 aikin ya ba shi janareto mai kilo 60 da zai riƙa tafiya da shi. Kafin a ɗaure shi a bodi sai da ya koma sikeli: jimla ta kai 3,070, ta zarce da 20, don haka jarkar da ta rage ita ma ta sauka.